Yadda ake yin katin gaisuwa na hannu da hatimin roba da tawada

Jama'a barkanmu da war haka. Duk lokacin da Sallah ta matso an san abin da za a yi, kowa shi ɗauko hoton nan guda mai jinjirin wata da rago shi tura ma mutum ɗari biyu a WhatsApp, wanda aka tura ma shi ma shi tura gaba, har hoton shi zagayo shi dawo hannun wanda ya fara turo shi. Ba laifi, gaisuwa ce. Amma akwai mutanen da wallahi sun fi ƙarfin wannan, kamar malaminka na allo, surukai, Inna da ko babbar waya ba ta riƙewa, ƙawar da ta haihu, yaron da ya sauke Alƙur'ani. Su waɗanga abin riƙewa a hannu ya kamace su, abin da za a sa cikin littafi ko a jingina saman talabijin a riƙa gani. To kati ne za mu yi, kuma ba sai an yi odar komi daga waje ba, kusan duk kayan akwai su nan cikin garin ga na Sakkwato.

Hatimin da nike magana shi ne dai irin wanda ake buga maka a ofis ko makaranta, roba ce da aka sassaƙa, wurin da ya taso shi ɗauki tawada, wurin da aka rarake shi bar takarda fara. Bambancin kawai mu ado za mu sassaƙa da gaisuwa. Na roba ba tsohon abu ba ne sosai, sai bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar ƙarfafa roba a Amurka a 1844 sannan aka fara yin shi, amma shi buga hatimi kansa mun gaje shi, tun zoben Manzon Allah (SAW) da ake buga ma wasiƙun da ya aika ma sarakuna.

Kayan aiki

Ka nemi kilina, wato magogin fensir, farar nan mai laushi mai kusurwa huɗu, babba gwargwadon yadda ka samu. Kar ka sayi mai ƙamshi ko mai kala-kala ta yara, tana marmashewa in reza ta shige ta. Ka ɗan lanƙwasa ta a shago ka gani, in ta nuna alamar tsagewa ka aje musu kayansu. Sai fensir mai laushi, 2B ko wanda ya fi shi baƙi, da takarda mai shara-shara wadda ake ganin zane ta bayanta, da rula, in so samu ne ta ƙarfe, da almakashi, da gam, da kwali. Duk wannan masu sayar da kayan makaranta a babbar kasuwa suna da shi, haka shagunan da ke kusa da makarantu.

Abin yanka kuwa reza ma ta yi, amma sai ka naɗe gefe guda da salatef don kar ta yanke ka. Wanda ya fi ta daɗin aiki shi ne askar tiyata mai lamba 11, mai tsinin nan, ana samu wurin masu sayar da kayan asibiti, tana shiga lungun da reza ba ta shiga. In kuma akwai matacciyar lema a gida, ka ciro ƙarfe ɗaya daga cikin waɗanda ke riƙe da yadin, za ka ga yana da kwarmi a tsakiya, ka yanke kamar tsawon yatsa ka wasa bakin a dutse ko siminti ka soka ɗayan gefen cikin ɗan icce, ka samu abin rarake roba ke nan, yana kwashe wuri mai faɗi da sauri. Yara ƙanana dai a nisanta su da wanga sashe, su jira lokacin bugawa, can ne daɗin yake a wurinsu ma.

In kana son babban hatimi wanda kilina ba ta kai ba, akwai tsohon silifas wanda saman shi ya sule sumul, akwai kuma robar nan mai laushi da masu haɗa takalma ke yankowa, ka roƙi guntayen da suka zubar. Su ba su ɗaukar ƙananan layuka, amma ga babban zane kamar tauraro ko ganye ko ƙubba sun yi, ita siririyar robar ma almakashi kawai za ka sa ka yanke siffar ka manna a katako, an gama.

Zane da sassaƙa

Nan ne mutane ke karaya don sun fara da abin da ya fi ƙarfinsu. Mutum bai taɓa riƙe reza ba sai shi ce dagin Arewa zai fara da shi, alhali dagi layuka ne masu shiga ƙarƙashin juna suna fita, in ka yanke wuri ɗaya ba daidai ba duk ya watse. Ka bar shi sai hannu ya faɗa. Fara da jinjirin wata, tauraro, ɗan allo, fitila, bishiyar dabino, ko lu'u-lu'u mai kusurwa huɗu wanda in ka jera shi zai ba ka bakin zane. Kuma mu nan ba mu da yunwar zane ko kaɗan, ka dubi aikin da ke gaban babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, ka dubi hula, ka dubi bayan ƙwarya, tabarma, fifai, titimin fata na dukawa, lallen amare, zayyanar da ake yi ma allon sauka, duk siffofi ne da za ka tsinci ƙarami guda a ciki ka maida hatimi. Wani amfanin kuma, akwai gidajen da ba a son hoton abu mai rai, to irin wanga zane ba wanda zai ɗaga maka gira a kai.

Ka ɗora kilinar bisa takarda mai shara-sharan ka zagaye ta da fensir don ka san iyakar filinka, sai ka yi zanen ciki, ka bi shi ka ƙara danna fensir shi yi baƙi ƙirin. Sai ka kife takardar bisa kilina, fuskar zanen na kallon roba, ka goga bayanta da farce ko gindin cokali. In ka ɗaga za ka ga zanen ya koma bisa robar a juye, kuma haka ake so. Ga jinjirin wata ba wani abu ba ne, amma ga rubutu wajibi ne, duk wanda ya rubuta Barka da Sallah kai tsaye bisa roba ya sassaƙa to in ya buga sai an nemo madubi kafin a karanta. Hanyar kifewar nan ita ke raba ka da wannan, ba sai ka wahal da kanka wurin koyon rubutu a juye ba.

Wurin yankan, ka fara bin gefen zanen da tsinin aska, amma ka karkata ta waje, wato gindin layin shi fi saman shi faɗi kamar kunyar gona, in ka yanka a miƙe ko ka shiga ƙarƙashin layin to ba shi da abin dogaro, bugu kaɗan zai ɓalle. Zurfin milimita 2 zuwa 3 ya isa. Kar ka riƙa juya hannunka, kilinar za ka riƙa juyawa askar na wuri ɗaya, haka lanƙwasa ke fita sumul. Ka riƙa cire kaɗan kaɗan, abin da ka bari kana iya dawowa ka cire, wanda ka cire kuwa ya tafi. In ka gama zagaye zanen sai ka kwashe sauran filin, ka kuma datse kusurwoyin kilinar gaba ɗaya, don su ne ke ɗaukar tawada a ɓoye su ɓata maka kati. Sai ka gwada a takardar banza, duk inda ka ga ɗigon da ba ka gayyata ba ka duba robar, tawadar da kanta za ta nuna maka wurin, ka rarake shi. Ni dai ba ni cire su duka, 'yan layukan nan da ke saura a gefe su ke nuna hannu ne ya yi ba inji ba, amma wannan ra'ayi ne.

Rubutu sai da haƙuri. Ka yi haruffa manya masu kauri, kalma biyu ko uku, kar ka ce za ka sassaƙa doguwar addu'a. In boko ne ka yi hankali da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ita ke fara karyewa. In ajami ne, wanda ni a ganina ya fi kyau a kati nesa ba kusa ba, matsalar ɗigo ce da wasali, kowane ɗigo tsayuwa yake shi kaɗai bisa roba ba abin da ke riƙe da shi, to dabarar ita ce ka sassaƙa jikin haruffan kawai, in ka buga ya bushe ka bi da jan biro ko alƙalami ka sa ɗigo da wasulla da hannu, sai ma shi fi kyau, don dama haka aka saba gani a rubutun mahaddata, baƙi da ja.

Wanda kuma ya ga rubutun ya gagare shi, ba abin kunya ba ne shi kai ma masu yin hatimin ofis su yi mai na gaisuwar da kwamfuta, shi kuma shi sassaƙa na adon. Ka ce musu mai mariƙin katako kake so ba mai tawada a ciki ba irin su Trodat, don shi wancan kala ɗaya zai ɗaure ka da ita. Kuma ka tsaya ka duba rubutun a allon kwamfutar kafin su fitar, wasu salon haruffan ba su da ƙ da ɗ, sai ka ga an sa maka k da d ko ma ɗan akwati a wurin.

Abu biyu kar ka sassaƙa. Na farko kwanan wata ko shekara. Mu da kowa ya san sai an jira sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kafin a san ko azumi 29 za a yi ko 30, ina kai ina buga rana tun kafin a ga wata, ban da haka ma hatimin da ba shi da shekara za ka yi ta amfani da shi Sallah bayan Sallah. Na biyu ayar Alƙur'ani da sunayen Allah, musamman a ambulan ɗin goron Sallah na yara, yaro kuɗɗin yake so, yana yagewa zai yar da takardar a ƙasa a bi ta kai. Ga takardun gwaji da kai kanka za ka tara, kowace da rubutun a jiki. In addu'a ce ka rubuta ta da hannu cikin katin wanda ka san zai adana.

In ka gama sai ka yi mai mariƙi. Guntun katako daga wurin kafinta, ko murfin kwalba in ƙarami ne, ka manna da gam ɗin masu gyaran takalma, ka shafa gefe biyu ka bari shi sha iska kafin ka haɗa. Ka buga hoton hatimin a takarda ka manna a bayan katakon a daidai yadda zai fita, don ka san sama da ƙasa.

Tawada, inda rigimar take

Mafi sauƙin samu ita ce ta ofis, fad ɗin nan, wato soson tawada, na cikin gwangwani da 'yar kwalbar ƙari, akwai shuɗi, baƙi, ja, kore da mai ruwan shanshanbale da aka fi sani a ofisoshi. Ka sayi fad wanda ba a zuba ma komi ba ga kowace kala, kar ka haɗa su. Tana fita tsaf a takarda mai shan ruwa, amma a takarda mai sheƙi ba ta zama, za ka dawo bayan awa guda ka taɓa ta biyo yatsanka. Kuma in ka tsaya ga shuɗin kaɗai katinka zai yi kama da rasit, don haka ka nemi baƙi da ja ko kore.

Waɗanda ake yi musamman don wanga aiki, da ake odar su ta intanet, kashi biyu ne manya. Akwai mai rini wadda ke shiga cikin takarda ta bushe nan take, akwai kuma mai kauri wadda ke zama bisa takardar, kalarta ta fi fitowa ko a kwali mai duhu amma tana jinkirin bushewa, irinta ce ake barbaɗa ma garin nan da ake narkarwa da zafi rubutun shi taso yana ƙyalli kamar na katin aure. Suna da kyau ba musu, amma da tsadar dala da kuɗɗin kawowa ban ga dalilin da mai koyo zai fara da su ba.

Kana iya haɗa taka. Ka samu kalar abinci irin ta masu kek da gilisarin daga kemis, ka zuba gilisarin kamar ƙaramin cokali, ka ɗiɗɗiga kala har ta yi duhu sosai, ka sa ɗigon ruwa kaɗan ka motsa. Aikin gilisarin shi ne hana ta bushewa a fad, amma in ya yi yawa to a katin ma ba za ta bushe ba, sai ka gwada ka daidaita. Fad ɗin kuma siririn soso ne ka yanka daidai da murfin roba, ka rufe shi da ƙyallen auduga, tsohuwar singileti ta yi. Aibinta ɗaya, kalar abinci tana koɗewa in rana na dukanta. Soɓorodo ma haka, yana da daɗin gwadawa da yara, ja zur a kofi, a takarda sai shi juye shi yi shuɗi-shuɗi mai toka, bayan ɗan lokaci shi dushe, ba na katin surukai ba ne.

In kana son fari ko ruwan zinari a kwali mai duhu, fentin zane na 'yan makaranta za ka nema, ka matsa kaɗan a faranti ka dangwala guntun soso ka riƙa daddaɓa ma hatimin a hankali har shi rufe. Kar ka tsoma hatimin cikin fentin, zai cike ramukan zanen shi fito dunƙule.

Na san wani zai ce ga tawadar allo a gida. Baƙinta na da kyau ƙwarai, gawayi ne ko baƙin tukunya da ƙaro, amma ka tuna an yi ta ne don ta wanku, yatsa mai gumi kaɗai ya isa shi ja ta, kuma ba ta kwanciya daidai bisa roba, taruwa take ɗigo-ɗigo. Wurinta shi ne cikin katin. In akwai alaramma ko gardi mai kyan hannu kusa da ku, ka kai mai katunan shi rubuta gaisuwar ciki da alƙalamin kara ka ba shi abin goro, za ka ga yadda darajar katin za ta canza.

Sai yanayin garin ga, wanda duk bidiyon Turawa da za ka kalla ba su san da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, da hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙayau, to tawada na iya bushewa bisa hatimin tun kana neman inda za ka buga, sai ka ga zanen ya fito rabi da rabi ka zaci hatimin ne ba shi da kyau. Don haka ka shirya takardar tukun, ka san wurin da za ka sauke, sannan ka taɓa fad, daga fad sai takarda. Ka kashe fanka ko ka kauda kanta, ka riƙa rufe fad ɗin duk bugu biyu uku, in ka gama ka sa shi a leda ka ɗaure ka aje shi a kife don tawadar ta taru a sama. Da sassafe ko bayan isha'i aikin ya fi daɗi. Ƙura kuma abokiyar gaba ce, tana manne ma fad ta koma hatimi ta bar maka fararen ɗigo cikin zane, ka share teburin da jiƙaƙƙen tsumma shi bushe kafin ka fara, kar ka yi a tsakar gida in iska na kaɗawa. Da damina, musamman Agusta, abin juyawa yake, takarda na shan raɓa ta yi laushi, tawada na jinkiri, to nan sai ka baza katunan ɗaya ɗaya ka ba su lokaci, kar ka ɗora wani bisa wani.

Kwali da naɗewa

Takardar fotokwafi giram 80 ce, ta yi siriri, ta gwaji ce kawai. Kati na son giram 200 zuwa 300, marar sheƙi. In girman A4 ne ka raba shi biyu ta tsakiya, kowane rabi ka naɗe shi biyu, zai ba ka kati mai santimita 10.5 da 14.8, wanda ke shiga ambulan ɗin da ake kira C6 daidai. Kenan kowane A4 kati biyu ne. Masu gidan buga takardu na da guntayen kwali masu kyau da suke yankewa su zubar, in ka yi musu magana da daɗi sai ka samu a arha.

Kar ka naɗe kwali mai kauri haka kawai, bayan zai farfashe. Ka auna tsakiya ka ɗora rula ka ja layi da biron da tawadarshi ta ƙare, ka ɗan danna, sai ka naɗe ta kan layin ka goge da bayan cokali.

Shawarata kuma kar ka buga kai tsaye bisa katin. Ka yanka farar takarda mai kauri wadda ba ta kai fuskar katin girma ba da kamar rabin santimita kowane gefe, ka yi bugunka a kanta, wadda ta yi kyau ka manna bisa kwali mai kala. In bugu ya ɓaci ƙaramar takarda ka yi asara ba kati duka ba, ga shi kuma kalar kwalin ta zagaye ta ta yi mata firam. Gam ɗin takarda kaɗan ake sawa, farin nan irin Top Bond a shafa siriri da yatsa, in ya yi yawa takardar za ta yi tudu da kwari. Ka danne su da manyan littattafai su kwana.

Bugun kansa

Ka shimfiɗa jarida ninki huɗu ko biyar ko tsohon littafin rubutu a ƙarƙashi, don teburi mai tauri zalla ba shi ba da bugu mai kyau. Ka riƙa taɓa hatimin bisa fad sau uku huɗu a hankali, ba dannawa ba, ka juyo ka duba ko ko'ina ya ɗauka. In hatimin ya fi fad girma ka kwantar da shi rigingine ka riƙa taɓa mai fad ɗin. Sai ka sauke shi a miƙe, ka danna da tafin hannu ko'ina daidai, ka ƙirga uku, ka dafe takardar da ɗayan hannun ka ɗaga sama a miƙe. Kar ka girgiza shi hagu da dama irin na ma'aikacin da ke sauri, shi ke sa rubutu shi fito biyu-biyu. A tsaye ya fi, nauyin jikinka na taimakawa. In sabuwar kilina ta ƙi ɗaukar tawada sosai ka ɗan goga fuskarta da sanfefa mai laushi ƙwarai ka wanke.

Da hatimi uku ma kana iya fitar da kati kala-kala. Babba guda a tsakiya ko ɗan sama da tsakiya, gaisuwa a ƙasa, ƙarami kuma ka jera shi a gefe. In za ka yi jeri ka ja siririn layi da fensir ka bi, ka fara daga tsakiya ka yi hagu ka yi dama don kar ka isa ƙarshe ka ga wuri bai isa ba, in ya bushe ka goge fensirin. In ka buga sau ɗaya ka sake bugawa ba tare da ka koma fad ba, na biyun zai fito dishi-dishi, to ka yi amfani da wannan, dabino mai duhu a gaba masu haske a baya sai su yi kamar suna nesa. In kana son wata shi leƙo ta bayan ƙubba, ka buga ƙubbar a katin, ka sake buga ta a takardar banza ka yanke siffar ka rufe ta farkon da ita, sannan ka buga watan bisa, in ka ɗaga murfin za ka ga watan ya koma baya. Kala mai haske ake fara bugawa kafin mai duhu, kuma ka goge hatimin kafin ka canza kala.

Don Allah a bar ma takarda fili ta sha iska. Mun saba da katin aure da ake cika ma fure da zobe da sunayen 'yan kwamiti har ba wurin sa yatsa, na hannu ba haka yake so ba, kala biyu sun isa, uku in ta kama.

In kana son ƙarin ado, garin ga garin fata ne, fatar jar akuyarmu ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take bi ta isa gare su. Ka je wurin dukawa ka sayi guntayen da suka rage, ja da kore da ruwan ɗorawa, ka yanka siririn layi ko ɗan lu'u-lu'u ka manna a gefe. Ƙyallen atamfa ko shadda daga wurin tela ma haka, musamman katin biki in ka samu guntun ankon da aka fitar, amarya na gani za ta gane.

Cikin katin da hannunka za ka rubuta, da sunan da kake kiran mutum da shi, Baba ko Inna ko Malam ko Yaya, da kalmomin da za ka faɗa mai in kun haɗu. A katin suna ka bar wurin sunan jinjiri sai ranar bakwai in an raɗa. Ambulan kuwa in ba ka samu saye ba ka warware tsoho guda a hankali ka ɗora bisa takarda ka zagaye ka yanke, ka buga ƙaramin hatimi a bakin rufewar.

Wanki da ajiya

Da ka gama ka buga hatimin a jarida har shi daina fitar da kala, ka wanke da ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori a hankali, in fenti ka sa to nan take, in ya bushe cikin ramuka sai Allah. Kar ka kusance shi da fetur ko kananzir, suna cin roba. Kalar da ta rine robar ba ta fita duka, ba komi. Ka bari shi bushe a inuwa. Kar ka bar shi a taga ko cikin mota, kuma kar ka aje kilina tana taɓa robar rula ko murfin biro, in suka daɗe tare a zafin nan manne ma juna suke su narke. Ka naɗe kowane a takarda ka jera cikin gwangwanin alewa ko kwalin takalmi.

Mai son shi maida abin sana'a kuma, kasuwar ba ga katin Sallah kaɗai take ba, akwai walimar sauka, akwai 'yan ƙananan katunan godiya da ake ɗaurawa a kayan rabon biki, akwai masu kek da turaren wuta da ke son tambarinsu a jakar takarda, ga ɗaliban Jami'ar Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari lokacin kammala karatu. Wurin sa farashi ka lissafa kwali da gam da ambulan da waɗanda suka ɓaci, ka kuma sa ladan zamanka, in an ce a sassaƙa hatimi na musamman da sunan amarya da ango to kuɗɗinshi daban ne don ba ka sake amfani da shi, ka karɓi rabi kafin ka taɓa reza. Kuma da an san hannunka ya faɗa, wata rana wani zai zo da takarda a aljihu shi ce ka kwaikwaya mai hatimin wata makaranta ko asibiti ko ofis, wai na gaggawa ne, ka ce mai kai na Barka da Sallah kake yi, don wancan jabu ne kuma kotu ake zuwa a kanshi.